Yadda ake zaɓen fitila domin kiwon murjani a akwatin gilashi

A ƙasashen Turai da Amurka da gabashin Asiya, mutane da dama na kiwon murjani mai rai a cikin ɗakunansu. Sai dai kaɗan ne daga cikin abubuwan da ke ba sababbin shiga wannan harka wahala suka kai zaɓen fitilar da za a rataya a bisa ruwan.

Idan aka ambaci murjani a ƙasar Hausa, abin da ke fara zuwa a rai shi ne jan dutsen ado da mata ke sa wa a wuya ko a hannu. Ainihin wannan dutse ƙashin wata halitta ce da ake cirowa musamman daga tekun Bahar Rum, wadda ke zaune a cikin koguna da wurare masu zurfi, ba ruwanta da hasken rana.

Akwai kuma wani dangin murjanin da shi ne ke gina tsaunuka a ƙarƙashin teku a yankuna masu zafi, kamar gaɓar Ostireliya da tsibiran Indonesiya da kuma Bahar Maliya. Da tubalan da aka yanko daga irin waɗannan tsaunuka ne aka gina tsofaffin gidajen Sawakin a Sudan, inda alhazan yammacin Afirka suka daɗe suna shiga jirgin ruwa, da kuma na tsohon garin Jidda inda suke sauka. Wannan murjani mai ƙashin dutse shi ne masu sha'awa ke ƙoƙarin rayawa a akwatin gilashi, kuma rayuwarsa ta rataya ne a kan haske.

Dabba mai gona a jikinta

Ko da yake ya yi kama da dutse ko itace, murjani dabba ce. Kowane reshe tarin ƙananan halittu ne masu taushi, kowace da baki guda da 'yan hannaye kewaye da shi, kuma su ne ke fitar da sinadarin farar ƙasa da ke taruwa ya zama ƙashi.

A cikin naman waɗannan halittu akwai wata irin gansakuka da ido ba ya iya gani, wadda masana ke kira zuzantela. Ita ce ke karɓar haske ta sarrafa abinci kamar yadda ganyen shuka ke yi, sannan ta miƙa wa mai masaukinta mafi yawan abin da ta samu. A wasu nau'o'in, abin da ke fitowa daga gansakukar kan kai kashi 90 cikin ɗari na ƙarfin da dabbar ke buƙata. Ke nan fitilar da ke kan akwatin ita ce ranar wannan gona, kuma ita ce kusan dukkan abincin murjanin.

Wannan zaman tare yana da saurin lalacewa. Idan ruwa ya yi zafi fiye da kima, ko haske ya yi yawa, gansakukar kan fara fitar da sinadarai masu cutarwa, sai murjanin ya kore ta daga jikinsa, farin ƙashinsa ya bayyana. Bai mutu ba tukuna a wannan mataki, amma yunwa ta kama shi. Hakan ne ya faru a tekunan duniya a shekarar 1998, da 2010, da kuma tsakanin 2014 zuwa 2017, kafin hukumar NOAA mai kula da teku da yanayi ta Amurka ta sanar da aukuwarsa karo na huɗu a watan Afrilun 2024. A teku, ƙarin digiri ɗaya kacal a kan zafin da aka saba gani a watan da ya fi zafi, idan ya ɗauki makonni, ya isa ya haddasa hakan. A cikin ƙaramin akwati kuwa, sabuwar fitila da aka kunna da dukkan ƙarfinta na iya yin irin wannan ɓarna cikin 'yan kwanaki.

Idon mutum ba ma'auni ba ne

Ruwan teku ba ya barin launukan hasken rana su wuce daidai wa daida. Ja shi ne ke fara ɓacewa, a cikin 'yan mitocin farko, sai ruwan lemo da rawaya su biyo baya, yayin da shuɗi ke ratsawa har ƙasa. Gansakukar da ke jikin murjani ta dace da wannan yanayi, domin sinadaran da take kama haske da su sun fi karɓar shuɗi da shunayya, wato hasken da tsawon zangonsa ke tsakanin nanomita 400 zuwa 500.

Idon ɗan Adam kuwa ya fi jin haske a wajen nanomita 555, tsakanin kore da rawaya. Saboda haka fitilar da mutum zai gani ya ce ta dushe, tana iya kasancewa tana zuba wa murjani shuɗin haske fiye da yadda zai iya ɗauka. Lumen da ake rubutawa a kwalin ƙwan lantarki na gida an tsara shi ne bisa idon mutum, don haka ba shi da wani amfani sosai a nan.

Haka ma wat. A da, masu kiwo na bin wata ƙa'ida ta wat uku zuwa biyar ga kowane galan na ruwa. Amma wat na nuna wutar da fitila ke ci ne kawai, ba hasken da ke isa kan murjanin ba, kuma ƙa'idar ta rasa ma'ana tun da aka samu fitilun da ke ba da haske mai yawa da wuta kaɗan.

Ma'aunin da ake dogaro da shi a yanzu shi ne wanda ake taƙaitawa da PAR, wanda ke ƙidaya ƙwayoyin hasken da shuka ke iya amfani da su, daga nanomita 400 zuwa 700, da ke sauka a kan murabba'in mita guda a kowace daƙiƙa. Da tsakar rana a yankuna masu zafi, adadin kan kai kusan 2,000 a saman ruwa. Ba a buƙatar ko kusa da haka a cikin akwati, domin rana ba ta daɗewa a wannan matsayi, ga gajimare, ga kuma zurfin ruwan da ke rage ta, alhali fitila tana iya tsayawa a kan ƙarfi guda na tsawon sa'o'i.

Akwai kuma lambar Kelbin da ake gani a jikin fitilu. Ita launi take nunawa, ba ƙarfi ba: 6,500 ya yi kama da hasken rana tsaka, 10,000 fari ne tas, 14,000 zuwa 20,000 kuma sun karkata ga shuɗi. Mafi yawan masu kiwo sun fi son tsakanin 14,000 da 20,000, amma murjani na girma a ƙarƙashin kowanne muddin akwai isasshen shuɗi a ciki.

A fara da murjanin kafin fitila

Masu wannan harka sun raba murjani mai ƙashin dutse gida biyu. Rabon ba na masana kimiyya ba ne, na 'yan kasuwa ne da masu kiwo, amma yana taimakawa.

Akwai masu manyan baki da nama mai kauri, irin su Euphyllia da Caulastrea da Duncanopsammia, waɗanda galibi ke wadatuwa da PAR 50 zuwa 150. Akwai kuma masu ƙananan baki da siraran rassa, irin su Acropora da Stylophora da Seriatopora, waɗanda aka saba ba su tsakanin 200 zuwa 350. Montipora na cikin rukuni na biyu, amma ta fi Acropora haƙuri, shi ya sa ake yawan shawartar sabon shiga ya fara da ita.

Waɗannan alƙaluma jagora ne kawai da aka tara daga gogewar masu kiwo. Akwai nau'o'in da suka saɓa musu baki ɗaya. An samu Leptoseris tana rayuwa a zurfin da ya wuce mita 100 a tekun Hawayi, inda haske ya kusa ƙarewa. Tubastraea kuwa, mai launin ruwan lemo, ba ta da gansakuka sam a jikinta, don haka duk tsadar fitila ba za ta hana ta mutuwa da yunwa ba idan ba a ba ta abinci a baki ba.

Abin da wannan ke nufi shi ne wanda ya sayi fitila kafin ya yanke shawarar abin da zai kiwata, ya fara gini ne daga rufi. Mai son masu manyan baki kawai ba ya buƙatar kashe kuɗi a kan fitila mafi ƙarfi a kasuwa.

Fitilu iri uku

A farkon shekarun 1960, wani ɗan Indonesiya mai suna Lee Chin Eng ya bayyana yadda yake raya halittun teku a akwati ta hanyar amfani da ruwan teku da duwatsunsa da kuma hasken rana. Ga mazauna Turai, inda ranar hunturu gajeriya ce, sai da aka jira fitilu masu ƙarfi. Masu sha'awa a birnin Berlin na Jamus na cikin waɗanda suka buɗe hanya, kuma a shekarun 1980 wani daga cikinsu, Dietrich Stüber, ya raya Acropora har ta yi rassan da aka riƙa yankowa ana rarraba wa wasu, a lokacin da mutane da yawa ke ganin hakan ba zai yiwu ba.

Fitilar da ta yi tashe a wancan zamani ita ce ta metal halaid, irin wadda ake haskaka filayen wasa da ita, mai wat 150 ko 250 ko 400. Haskenta na ratsa ruwa mai zurfi, yana kuma yin walƙiya a ƙasan akwati kamar ta rana. Matsalarta zafi, da cin wuta, da kuma ƙwan da sai an sauya kusan kowace shekara. A kan akwati ƙarami, zafin kaɗai ya isa a kauce mata.

Sai siraran dogayen ƙwayaye da ake kira T5, waɗanda ake jerawa huɗu ko shida, ana cakuɗa farare da shuɗɗa. Babu wadda ta kai su shimfiɗa haske daidai a ko'ina ba tare da inuwa ba, kuma har yanzu akwai ƙwararrun da ba su yarda su rabu da su ba. Amma su ma sai an sauya su duk bayan wata tara zuwa shekara guda, domin haskensu na raguwa tun ido bai lura ba. A shekarar 2023 Tarayyar Turai ta hana shigar da sababbin dogayen ƙwayaye na haskaka gidaje da ofisoshi kasuwa saboda zaibar da ke cikinsu, lamarin da ya ƙara karkatar da masana'antu zuwa wata fasahar.

Fasahar ita ce LED. Ba ta yiwu ga masu kiwon murjani ba sai da wasu masana uku 'yan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka samar da mai shuɗin haske a farkon shekarun 1990, aikin da ya sa aka ba su kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2014. A yau ita ce mafi yawan masu ƙananan akwatuna ke saye. Ba ta zuba zafi mai yawa cikin ruwa, tana ɗaukar shekaru ba a sauya ta ba, kuma ana iya rage ƙarfinta ko sauya launinta, a wasu samfuran ma ta wayar salula.

Lissafin wuta ma na bayanta. Fitilar LED mai wat 60 da ke aiki sa'o'i 10 a rana za ta ci kilowat-awa 18 a wata, yayin da metal halaid mai wat 150 za ta ci aƙalla 45, ba a ma haɗa da fanka ko na'urar sanyaya ruwan da za ta tilasta a saya ba.

Ƙaramin akwati, ƙaramin uzuri

A ɗauki akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 30, zurfi 35. Ruwan da zai ci bai wuce lita 63 ba, kafin ma a zuba yashi da duwatsu. A irin wannan zurfi, kusan duk wata fitilar LED da aka ƙera domin murjani za ta kai haske har ƙasa. Don haka tambayar da ta fi muhimmanci ba ta ƙarfi ba ce, ta yadda hasken ke bazuwa ce.

Fitila mai siffar faifai da ke fitar da haske daga wuri guda takan tara shi a tsakiya ta bar gefuna. Murjanin da ke daidai ƙarƙashinta na iya ƙonewa, na kusurwa kuma yana fama da duhu, alhali tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce taƙi ɗaya ba. Bugu da ƙari, idan murjani mai rassa ya girma, rassan sama kan yi wa na ƙasa inuwa har gindin ya fara mutuwa. Maganin da aka saba shi ne a ɗaga fitilar santimita 20 zuwa 30 daga saman ruwa domin hasken ya buɗe, ko a sa ƙananan fitilu biyu maimakon babba guda, ko kuma a zaɓi mai siffar sanda da ta kai tsawon akwatin. Ɗagawar na da nata farashi, tun da haske daga wuri guda na raguwa zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu duk lokacin da aka ninka tazara.

Bambancin haske tsakanin sama da ƙasa ba duka aibi ba ne. Mai dabara kan jera duwatsunsa yadda Acropora za ta zauna a ƙololuwa, Montipora a tsakiya, masu manyan baki kuma a kan yashi ko a gefe.

Zafi shi ne abu na biyu. Murjani na son ruwa mai digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Selsiyus, kuma ruwa kaɗan ba ya jimawa kafin ya ɗumama. Zafin na kuma ƙara ƙafewar ruwa, gishirin kuwa ba ya tashi tare da tururi. Lita guda da ta ƙafe daga lita 60 za ta ɗaga gishirin daga giram 35 a kowace lita zuwa fiye da 35 da rabi, kuma idan aka bar hakan ya taru kwana biyu ko uku, murjani mai ƙananan baki zai nuna alamar damuwa. A ƙasashe masu zafi, sanyaya ruwan na iya cin kuɗi fiye da haskaka shi. Inda kuma wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, famfon da ke motsa ruwa ne ya kamata a fara haɗa wa batir, domin murjani na iya jure kwana biyu ko uku cikin duhu, amma ruwan da ya tsaya cak kan rasa iskar shaƙa cikin sa'o'i.

Sannu a hankali

Gansakukar da ke jikin murjani na daidaita kanta da hasken da ta saba da shi, kuma sauyawa na ɗaukar makonni. Reshen da aka sayo daga kanti, wanda wataƙila ya kwana a cikin leda mai duhu a hanya, ba zai iya karɓar cikakken haske nan take ba. Abin da aka saba yi shi ne a ajiye shi a ƙasan akwati, ko a rage fitilar zuwa kamar rabin abin da ake nufin kaiwa, sannan a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin makonni uku zuwa huɗu. Haka ma ake yi wa dukkan akwatin idan aka sauya fitila.

Kuskuren bangarorin biyu ba nauyinsu ɗaya ba. Murjanin da haske ya yi masa kaɗan yakan koma ruwan ƙasa, girmansa ya ragu, amma hakan na ɗaukar makonni ko watanni, kuma yana farfaɗowa idan aka gyara. Wanda haske ya yi wa yawa kuwa yakan fara koɗewa daga ɓangaren da ke fuskantar fitila, ya janye hannayensa da rana, kuma lokacin gyara ba shi da yawa. Shi ya sa idan ana shakka, ragewa ta fi ƙarawa aminci.

Na'urar auna PAR tana da tsada, wani lokaci ma ta fi fitilar kanta, amma a ƙasashen da harkar ta bunƙasa kantuna da ƙungiyoyin masu sha'awa kan ba da aronta ko hayarta. Awo sau ɗaya a wurare biyar ko shida cikin akwatin ya fi watanni ana kirdado.

Game da tsawon lokaci, sa'o'i takwas zuwa goma na cikakken haske sun wadatar, tare da ɗan lokacin da hasken zai tashi da safe ya kuma sauka da yamma. Murjani na buƙatar duhun dare kamar kowace dabba. Agogon da ke kunnawa ya kashe da kansa na daga cikin kayan da suka fi arha a harkar, kuma yana daga cikin waɗanda suka fi amfani. Fitilun zamani na zuwa da maɓallan launi shida ko takwas, abin da ke jan mai akwati ya riƙa taɓa su kowane mako. Kowace taɓawa kuwa sabon yanayi ce da murjanin zai sake sabawa da shi.

Akwai wata yaudara da ya kamata mai saye ya sani. Jikin murjani na ɗauke da wasu sinadarai da ke karɓar shuɗin haske su mayar da shi kore ko ja mai ƙyalli, dangin wanda aka fara ganowa a jikin wata halittar teku mai kama da lema, wanda bincike a kansa ya kai ga kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2008. Saboda haka murjanin da aka gani a kanti ko a hoton intanet ƙarƙashin shuɗi zalla zai iya zama ruwan ƙasa idan aka kai shi gida. Farin haske kuma na da nasa amfanin, domin da shi ne ake ganin ƙwari da ciwo da gansakukar da ba a so.

Haske ba ya aiki shi kaɗai. Gwargwadon yadda aka ƙara shi, gwargwadon yadda murjanin zai yi saurin gina ƙashi, ya kuma zuƙe kalsiyam da sauran sinadaran da ke ruwan, waɗanda a lita 60 ba sa daɗewa kafin su ragu. Yana kuma buƙatar ruwa mai ƙarfin motsi da zai kwashe abin da jikinsa ke fitarwa. Sau da dama akan ɗora wa fitila laifin da na ruwa ne. Gishirin da ke fantsama ya bushe a gilashin fitila ma na tare haske, sai an riƙa gogewa.

Dukkan murjani mai ƙashin dutse na ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin halittun da ke fuskantar barazana, don haka ba a ƙetara iyaka da shi sai da takardar izini. Mafi yawan masu kiwo kan shawarci sabon shiga ya nemi reshen da aka raino a akwatin wani, domin ya riga ya saba da hasken fitila, ba a kuma taɓa teku ba wajen samo shi.

Fasahar fitilun ta kuma shiga ɗakunan bincike. A shekarar 2013, masu aiki a gidan tarihi na Horniman da ke Landan, ƙarƙashin jagorancin Jamie Craggs, sun yi amfani da fitilun da kwamfuta ke sarrafawa wajen kwaikwayon fitowar rana da faɗuwarta, da hasken farin wata, da kuma sauyin zafin ruwa daga wani lokaci na shekara zuwa wani, har murjanin da ke akwatunansu ya saki ƙwayayensa kamar yadda yake yi a teku. A 2019 wata cibiyar kiwon halittun ruwa a jihar Florida ta Amurka ta bi wannan hanya wajen hayayyafar wani nau'in murjanin tekun Atlantika da cuta ta kusa ƙarar da shi a gaɓar jihar.